Kurkum da tafarnuwa a cutar sistik faibrosis: ga amsa, don Allah a karanta kafin a sake tambaya

Wai kurkum yana warkar da sistik faibrosis, cutar nan da ke toshe huhu da majina mai kauri?

A'a.

To daga ina maganar ta fito?

A 2004 masu bincike a jami'ar Yale ta Amurka suka ba ɓeraye masu cutar wani sinadari da ke cikin kurkum mai suna kurkumin, suka ce ya gyara matsalar. Da wasu ɗakunan binciken suka gwada abin bai maimaitu ba. Ɓera fa aka ce, ba ɗan mutum ba.

Ana ɗaukarta?

Ba a ɗauka. Gado ce irin na sikila, sai uwa da uba duk suna ɗauke da ita. Ƙofar da gishiri ke bi a ƙwayoyin jiki, CFTR, ita ke lalacewa, majina ta yi kauri ta toshe huhu, in ka sumbaci goshin yaron ka ji gishiri-gishiri.

Yarona yana kan maganin asibiti, in haɗa masa da na tsirrai?

Nan ne sai an bi a hankali. In kurkum ɗin miya ne ko tafarnuwar girki, galibi ba komai, abinci ne. Amma kafso ɗin da ake tallarsa a intanet wani abu ne daban, don kurkumin da ƙyar hanji ke tsotse shi, kuma abin da ake ɗiga wa ƙwayoyi a kwanon gwaji ba lallai jini ya kai wannan adadin ba ko an sha da yawa. Haka sinadarin jenistin na waken suya, a gwaji yana taimaka wa ƙofar ta buɗe, haka sinadarin ajowin na tafarnuwa da aka gani yana hana Pseudomonas, ƙwayar cutar da ke addabar huhun masu ita, haɗa kai, duk bincike ne mai kyau kuma ina fatan ya kai wani wuri, amma har yau ba su zama magani ba. Sannan in yaron yana shan Trikafta, maganin cutar da aka amince da shi a Amurka a 2019, ko lemon girefurut an ce a guje shi saboda yana hana hanta sarrafa maganin yadda ya kamata. Kin ga tsiro ma yana iya ɓata aiki. Ɗauki kwalbar ki kai wa likitansa ya duba, ya danganta da abin da yake sha da lafiyar hantarsa.

In dakatar da na asibitin in gwada wata ɗaya?

Haba baiwar Allah! Huhun da ya lalace ba ya dawowa. Kar ki soma.

Laifina ne da na haife shi haka?

Wallahi ba laifinki ba ne, ki kwantar da hankalinki. Ki dai riƙe bubbuga masa ƙirji kullum don majinar ta fito, da maganin narkar da abincinsa.