Katin likita na wiwi ba ya buɗe ƙofar shagon bindiga

Da yawa a Amurka sun ɗauka cewa tunda jiharsu ta halatta tabar wiwi don magani, mai katin likita yana iya sayen bindiga kamar kowa. Ba haka ba ne.

Kaliforniya ce ta fara halatta wiwi don magani a 1996, jihohi da dama suka bi sahu. Amma dokar bindiga ta tarayya ta 1968 ta haramta wa mai amfani da haramtacciyar ƙwaya mallakar bindiga, kuma dokar tarayya ta 1970 ta saka wiwi cikin haramtattu. Izinin jiha bai goge wannan ba.

A gaban kantar shagon bindiga ake gane haka. Mai shago zai miƙo fom mai lamba 4473, a cikinsa akwai tambaya kan shan ƙwaya, da gargaɗi ɓaro-ɓaro cewa halascin jiha bai shafi dokar tarayya ba. Ka ce e, ba za a sayar maka ba. Ka ce a'a alhali kana sha, ka yi ƙaryar da hukuncinta ke iya kaiwa shekara 10 a kurkuku. Tun 2011 ATF, hukumar tarayya mai kula da harkar bindigogi, ta rubuta wa dillalai cewa katin kansa ya isa dalilin hana ciniki.

Abin yana damuna matuƙa. Tsohon sojan da ciwo ke hana shi barci, ya bi dokar jiharsa sak, sai a ce ya zaɓa: ko magani ko bindiga. A Oktoban 2025 Kotun Ƙolin Amurka ta amince ta saurari shari'ar Hemani, wani mai shan wiwi da aka tuhuma da mallakar bindiga, kan wannan haramci.