Wai mi ake nuhi da "mallakar memori"?

Shekaranjiya muna zaune Mabera ana shan shayi, wani ƙanena da ke koyon C++, wani yaren rubuta firogiram, ya miƙo min laftof, wai firogiram ɗinshi na mutuwa haka kawai, kuma ya ji ana cewa matsalar mallaka ce, shi bai gane mi ya haɗa kod da mallaka ba, sai ka ce gona.

Abin ba wuya. Duk memorin da firogiram ya ara daga kwamfuta, wato wurin aje bayanai, dole a samu ɓangaren kod guda da zai maida shi, wanga shi ake kira mai shi. In ba wanda ya maida, memori ya yi ta yoyo har injin ya cika. In biyu suka maida abu guda, firogiram ya faɗi. Mafi muni, wani ya maida, wani kuma yana riƙe da adireshin yana ta leƙawa bai san an ba wani wurin ba.

To linkid lis, wato jeren bayanai da kowane kulli ke riƙe da adireshin na biye da shi, nan ne rigimar ke yawa. Ka tuna ayarin raƙuma in za su shiga kasuwar Kara, kowane an ɗaure shi da igiya ga na gabanshi, ba ka isa ga na biyar sai ka bi ta na huɗu. Ka kwance guda daga tsakiya, to wa ke da shi yanzu? Kamfaila, mai fassara kod zuwa yaren injin, ita ma tana jera umarni haka. Cikin LLVM, kayan gina kamfaila wanda Chris Lattner ya faro a Jami'ar Illinois ta Amurka a 2000, umarnin kowane bulok, wato guntun kod, jere suke da igiya gaba da baya, kuma akwai hanya biyu na fidda umarni daga jere, removeFromParent da eraseFromParent. Na farkon kwancewa kawai yake, raƙumi na hannunka, kai za ka san yadda ka yi da shi. Na biyun ya kwance ya kuma yanka, wato ya goge shi. Wallahi masu rikita biyun nan ba su ƙirguwa.

Shi ya sa ake zama a sake fasalin tsohon kod ba tare da an canja aikinshi ba, a fidda foyinta tsirara, wato adireshi kawai da bai nuna mai shi, a sa unique_ptr da ya zo da C++11, foyinta mai maida memori da kanshi, mai shi guda tal, sauran aro suke. Rust kuwa, wani yaren, da ta fito cikakkiya a 2015, kamfailarta ma ba ta yarda ta wuce sai mai shi ya fito fili, kuma jere mai igiya biyu na ba ta wahala sosai, don na gaba da na baya kowa na riƙe da ɗan'uwanshi, akan sa Rc, foyinta mai raba mallaka, da Weak, mai riƙewa ba mallaka.

Ni dai a ganina unique_ptr ba laya ba ne. Jere ya yi tsawo ƙwarai, gogewa na bin juna ɗaya cikin ɗaya har stak, wurin da ake tara aikin da bai ƙare ba, ya cika, dole ka rubuta madauki da hannu mai gogewa ɗaya bayan ɗaya.

Na ƙanena kuwa, mun kunna AddressSanitizer, kayan kama kuskuren memori, nan take ya nuna layin, ashe ya goge kulli sannan ya koma yana tambayar shi wa ke biye.