Macizan ado masu launi: me ya sa wasunsu suke rawar kai?

A Amurka da Turai akwai masu kiwon maciji a cikin ɗaki, kamar yadda wani yake kiwon tantabara. Wadda suka fi so ita ce wata 'yar ƙaramar mesa marar dafi da ake kira ball python da Turanci, wadda take dunƙulewa kamar ƙwallo ta ɓoye kanta a tsakiya idan ta tsorata. 'Yar Afirka ta Yamma ce, kuma Gana da Togo da Benin ne suka fi fitar da ita zuwa kasuwannin waje.

Ina aka samo waɗannan launuka?

A daji launinta baƙi ne da ruwan ƙasa. Sai dai jefi-jefi akan ƙyanƙyashe wadda ta fita zakka: zabiya, ko mai dabbare-dabbaren fari. Irin wannan idan ta faɗa hannun masu kamu, dillalai ba sa bari ta kwana. A 1992 wani mai kiwo, Bob Clark, ya ƙyanƙyashe zabiyar farko a hannu a Amurka, a 1997 kuma wani mai kiwon, Peter Kahl, ya fitar da mai dabbaren fari. Daga nan aka shiga haɗa wannan da wancan, har aka samu dubban launuka. Sabon launi yakan kai dubban daloli, idan ya yawaita farashin ya karye, sai a koma neman wani sabo.

To ina matsalar?

Mu ɗauki wadda suke kira Spider, wato gizo-gizo, saboda siririn zanen bayanta mai kama da saƙar gizo. Ta shigo kasuwa a 1999, kuma duk waɗanda suke hannun mutane yau zuriyar maciji ɗaya ne da aka kamo daga daji.

Ka buɗe akwatinta ka miƙa mata ɓera. Kan zai fara kaɗawa gefe da gefe kamar na tsohon da ya sha miya. Ta kai cafka ta kuskure, ta sake kaiwa ta cafki iska. Wata takan murɗe wuya kamar igiyar da ake tufkawa, ta ɗaga kai sama har ya kife ta baya. Idan aka kwantar da ita rigingine, lafiyayya nan take za ta juyo, ita kuwa sai ta ɗauki lokaci tana lalube. A wasu abin kaɗan ne, sai mai lura zai gani. A wasu kuwa ko wanda ya tsani maciji sai ya ji tausayi. Tsoro da zumuɗin abinci suna ƙara tayar da shi.

Me yake kawo hakan?

An daɗe ana cewa ciwon ƙwaƙwalwa ne. A 2022 wasu masana a Jamus suka ɗauki hoton cikin kan waɗannan macizai, suka tarar da nakasa a kunnen ciki, wurin da yake gaya wa dabba ina ne sama ina ne ƙasa. (Maciji ba shi da kunnen waje, amma na ciki yana nan.) Ke nan halinta ya yi kama da na mai hajijiyar da ba ta saki.

Bayanin da aka fi karkata gare shi shi ne, a cikin ɗan tayi ƙwayoyin da suke samar da launin fata tushensu ɗaya da wasu ƙwayoyin jijiya da na kunne. Idan gado ya taɓa wannan tushe, ba launi kaɗai yake canjawa ba. Abin ba baƙo ba ne a dabbobi: farar kyanwa mai shuɗin ido sau da yawa kurma ce.

Ba za a iya tace irin a bar launin a cire ciwon ba?

An yi sama da shekara 20 ana gwadawa. An haɗa Spider da macizan da ba su haɗa jini da ita ba, an zaɓi masu ƙaramin rawar kai kawai, duk a banza. Uwar da kusan ba a ganin nata takan ƙyanƙyashe ɗan da nasa ya yi tsanani. Ba auren zumunci ne ya jawo ba, balle baƙon jini ya wanke. Ƙwayar gadon da take zana bayan ita ce take lalata kunnen, Ɗanjuma ne da Ɗanjummai. Wanda ya ce maka yana da "Spider marar rawar kai", ka ce ya bari lokacin cin abinci ya yi.

Ita kaɗai ce?

A'a. Masu launukan da ake kira Champagne da Woma su ma suna yi, haka Jaguar, wadda launi ce ta wata mesar Ostireliya.

Akwai kuma matsalar ninki biyu. Duk wanda ya san maganar sikila ya san lissafin: AS ya auri AS, kowane ciki yana da kashi ɗaya cikin huɗu na zuwa SS. Haka yake a nan. Idan aka haɗa Champagne da Champagne, ko Jaguar da Jaguar, wanda ya gaji ƙwayar daga uwa da uba yakan mutu a cikin ƙwai ko jim kaɗan da fitowa. Ninkin launin Cinnamon yakan ba da baƙin maciji tilis mai ban sha'awa, amma wasu su fito da baki a baje kamar na agwagwa, ko ƙashin baya a lanƙwashe. Matan masu launin Desert kuwa, ko babu ninki, ba sa yin ƙwai mai rai, ƙwan ya maƙale musu a ciki, wani lokaci har ya kashe su.

Don kada a yi kuɗin goro: launuka irin su Pastel da Clown da mai dabbaren fari ba a san su da wata cuta ba.

Me masu kiwon suke cewa?

Masu kare sana'ar suna cewa tana ci, tana girma, tana haihuwa, to ina wahalar? A ganina wannan hujja ta yi arha. Maciji ba ya kuka, ba ya ɓata fuska, don haka shirunsa ba shaidar jin daɗi ba ne. Kuma dabba ce mai yin shekara 20 zuwa 30 a hannu, ba hajijiyar mako guda ake magana ba. A 2018 wata babbar ƙungiyar masu kiwon dabbobi masu rarrafe a Birtaniya ta hana sayar da Spider a wuraren baje kolinta. Dokar kare dabbobi ta Jamus ma ta haramta kiwon da aka san zai gadar wa 'ya'ya wahala. Duk da haka ana ci gaba da cinikinta a intanet, don idan aka gauraya ta da wasu launuka takan ba da zane mai ɗaukar ido, da sabon suna irin su Bumblebee, wanda sabon shiga ba zai gane akwai Spider a ciki ba.

Wanda ya riga ya saya fa?

Da farko ya kai ta wurin likitan dabbobi, domin ba kowace rawar kai ce ta gado ba. Zafin da ya wuce kima, da maganin kashe ƙwari, da wata ƙwayar cuta mai yaɗuwa tsakanin macizai, duk suna kawo irin wannan alama. Idan ta tabbata gado ne, babu magani, sai lallaɓawa: a rage ɗaukarta, a ba ta maɓoya mai duhu, a cire dogayen rassan da za ta faɗo daga kansu, mazubin ruwa kada ya yi zurfi. Ɓeran da za a ba ta ya zama matacce, domin mai rai yana iya cizonta kafin ta saita kai. Sannan kada a haɗa ta barbara.