Waiwaye: Yadda Tsakiyar Birnin Sakkwato Ta Kai Ga Neman Gyara

Duk mai son fahimtar batun farfaɗo da tsakiyar birnin Sakkwato, sai ya fara duba yadda aka tsara garin tun asali. A shekarar 1809 Muhammadu Bello ya kafa birnin a kan tudu, kusa da mahaɗar gulbin Rima da na Sakkwato, sannan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya taso daga Sifawa ya zauna a cikinsa a 1815, ya rasu a 1817. An kewaye garin da ganuwa mai ƙofofi takwas, cikinsu har da Ƙofar Rini da Ƙofar Kware da Ƙofar Marke da Ƙofar Taramniya.

A cikin ganuwar nan komai yana kusa da komai. Ga fada a Kanwuri, ga Masallacin Shehu da na Bello, ga kasuwa, ga shiyoyin da sana'a ta raɗa wa suna irin su Marina da Takalmawa. Mutum yakan kwana, ya yi sana'arsa, ya ɗauki karatu a zauren malami ba tare da ya fita ƙofar gari ba. A hannun majeman wannan yanki fatar jan akuya ta yi suna, har ta riƙa ƙetare Sahara, Turawa suna kiranta fatar Maroko.

Sauyi ya faro ne bayan yaƙin Giginya, wanda Turawan Ingila suka ci Sakkwato a cikinsa a 1903, domin Turawan mulkin mallaka sun kafa barikinsu a wajen ganuwa. Gwamnatocin da suka gaje su ba su kauce wa wannan turba ba. Da Sakkwato ta zama hedikwatar Jihar Arewa maso Yamma a 1967, sannan ta Jihar Sakkwato a 1976, sai sakatariya da gidajen ma'aikata suka tafi inda akwai fili, jami'ar da aka kafa a 1975 ma mazauninta na dindindin yana bayan gari. Masu hali suka bi sahu, unguwanni irin su Gawon Nama da Arkilla da Mabera suka cika. Abin da aka bar wa cikin gari shi ne gidajen gado da magada da yawa suka yi tarayya a kansu, kowa yana da rabo amma ba mai ɗaukar nauyin gyara, ga lunguna da magudanan ruwa da aka yi domin jama'ar da ba ta kai ta yau ba. Ganuwa ta zube, mafi yawanta sai a bakin dattawa.

Ciniki kuwa bai tashi ba. Tsohuwar Kasuwa da Babbar Kasuwa suna jan fatake daga ƙauyuka da kuma Nijar ta hanyar Illela, sai dai gobarar da ta cinye shaguna masu yawa a Babbar Kasuwa a watan Janairun 2021 ta nuna irin haɗarin da ke tattare da cunkoso.

Amsar da gwamnatoci suka fi bayarwa ita ce tituna da gadojin sama, kamar na Rijiyar Ɗorowa da Runjin Sambo. Sun rage wa direbobi da 'yan kabu-kabu wahala, amma a ganina sun fi amfanar mai wucewa a kan mazaunin da ke sayen ruwa a jarka. Haka baƙon da ya zo ziyarar Hubbare, inda kabarin Shehu yake, ko kallon hawan salla yakan juya da wuri, saboda ƙarancin inuwa da wurin hutawa a garin da zafinsa ya shahara.

Inda gizo ke saƙar shi ne faɗaɗa lunguna, domin yana nufin rusau da biyan diyya, kuma gidajen da za a taɓa su ne tarihin da baƙin suke zuwa gani. Yanke wannan hukunci yana buƙatar gwamnatin jiha da ƙananan hukumomin Sakkwato ta Arewa da ta Kudu da Majalisar Sarkin Musulmi su zauna da masu unguwanni da shugabannin kasuwa kafin a shafa wa kowane bango jan fenti.