Na ɗora zane an ce "Masha Allah" kawai, to ya zan san inda na kuskure?

Tambayoyin nan matasa masu zane a Kaduna ke yawan yi, musamman masu ɗora aikinsu a Facebook da Instagram.

Kowa sai yabo yake yi, ba mai gyara min. Me ya sa?

Ai ba ka tambaya ba ne ɗan'uwa. In ka rubuta "ya kuka gani?" to ƙannenka da abokan makaranta Masha Allah za su zuba maka su wuce, ba mai son ya ɓata maka rai. Ka tambayi abu ɗaya takamaimai, misali "hancin nan ya zauna daidai kuwa?" ko "inuwar wuyan ta yi yawa?" sannan ka faɗi da me ka yi, fensir ne ko gawayi ko a waya da ibisPaint, ka gama ne ko kana kai. Kuma don Allah a daina ɗaukan hoton zane da daddare da fitilar waya, ka fito da shi bakin taga da rana. In ta WhatsApp za ka tura, tura shi a matsayin fayil, don in ba haka ba matse hoton yake yi duk ƙananan layukan su dushe.

Wa ya kamata in nuna wa?

Wanda ya fi ka hannu a irin abin da kake yi. Kuma mu nan ba mu da uzuri, ga sashen zane na ABU Zariya a kusa, ɗalibansa da yawa suna intanet. Can ne a 1958, lokacin wurin yana kwaleji bai zama jami'a ba, su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo da Demas Nwoko suka haɗa ƙungiyarsu suna muhawara kan yadda za a haɗa salon Turawa da na gida.

In ni aka tambaya fa, me zan ce?

Nan ne mutane ke kwafsawa, wani ya ce "ya yi kyau" wani ya ce "da sauranka", duka biyun ba su ƙara wa mai zanen komai ba. Nuna wurin, faɗi dalili, sannan abin da zai gwada. Misali sababbin masu zanen fuska kusan duk sukan kai idanu sama da yawa, alhali a tsakiyar tsawon kai suke, to sai ka ce masa ya auna daga tsakar ka zuwa haɓa ya gani da kansa. Ko ka ce ya juya hoton hagu zuwa dama, karkacewar da idonsa ya saba da ita take za ta fito, ko ya mai da shi baƙi da fari a waya ya ga ko haske da duhun sun rabu. Gyara biyu sun isa, in ka jero masa goma sai ya ajiye fensirin gaba ɗaya. Abin da ya yi daidai ma ka faɗa, don ya san abin da zai riƙe. In ya girme ka, bi shi ta saƙo ka ce "Malam, ga ɗan abin da na hango", kar a gaban jama'a. Kuma kar ka zana a kan aikin mutum ka ɗora ba izininsa.

Wani ya zage ni, wani kuma ya kawo maganar zanen mai rai.

Mai zagi ka share shi, ko ka toshe shi in ya matsa. Ɗayar kuwa tambayar malamai ce, ka kai musu, ƙarƙashin hoto ba a gama ta.

Dole in bi duk shawarar da aka ba ni?

A'a. Wani salon ne kawai ba ya so, kai kana zanen barkwanci shi yana neman kamar hoton kyamara. Amma in mutanen da ba su san juna ba duk suka nuna hannun nan na hagu, to koma ka duba yatsun.