Lang Lang, makaɗin fiyano ɗan ƙasar Sin: tambayoyi da amsoshi

Wane ne Lang Lang?

Makaɗin fiyano ne, haifaffen birnin Shenyang da ke arewa maso gabashin Sin, ranar 14 ga Yuni 1982. Idan kun kalli bikin buɗe gasar Olamfik ta Beijin a 2008, shi ne saurayin nan da ya kaɗa farin fiyano a tsakiyar fili.

Gado ya yi ko haye?

Da ɗan gado. Mahaifinsa, Lang Guoren, yana kaɗa erhu, wani abin kiɗa mai tsirkiya biyu mai kama da goge. Amma shi yaron cewa ya yi katun ɗin Tom da Jerry ne ya ja shi, yana ɗan shekara 2, da ya ga kyanwa tana kaɗa wani kiɗan Liszt, shahararren mai tsara kiɗa, a fiyano. Da ya kai shekara 3 aka kai shi wurin malama.

Da gaske ne an taɓa ce masa ba shi da baiwa?

Ƙwarai. Yana shekara 9 uban ya ajiye aikinsa na ɗan sanda, ya tafi da shi Beijin, aka bar uwar a Shenyang tana aiki tana aiko musu da na abinci. Malamar da suka samu a can ta sallame shi, wai ba zai kai ko'ina ba. Uban ya matsa masa lamba ƙwarai, matsin da, a ganina, ya wuce tarbiyya. Duk da haka yaron ya shiga babbar makarantar kiɗa ta Beijin, a 1995 kuma ya zo na ɗaya a gasar Tchaikovsky ta matasa a Japan.

Yaushe duniya ta san shi?

A 1999, yana ɗalibi a makarantar Curtis da ke Amurka. Shahararren makaɗin fiyano André Watts ya kasa zuwa bikin kiɗa na Ravinia kusa da Chicago saboda rashin lafiya, aka kira Lang ya maye gurbinsa. Daga ranar gayyata ta fara zuwar masa ta ko'ina.

To me ya sa wasu ke kushe shi?

Cewa suke yi iya yi ya yi masa yawa: rangaji, lumshe ido, ga dukan fiyano da ƙarfi, har suka laƙaba masa "Bang Bang". Suna da 'yar gaskiya. Sai dai ko maƙiyinsa ba ya musun saurin yatsunsa.

Har yanzu yana kaɗawa?

Yana yi. Ciwon hannun hagu ya zaunar da shi a 2017, ya dawo a 2018. A 2019 ya auri Gina Alice Redlinger, ita ma makaɗiyar fiyano ce.