Duba Kundin Ɗalibi a Jami'a: Tambayoyi da Amsoshi

Wa ke da hurumin duba kundin digiri na biyu da na uku?

Sashe ne ke ba da suna, makarantar karatun gaba da digiri ta amince. A yawancin jami'o'in Najeriya, sai mai digirin digirgir da ya kai matakin babban malami ko sama yake jagorantar kundin digiri na uku. Akan haɗa shi da mataimaki, wanda sau da yawa ta nan yake koyon aikin.

Mene ne ainihin aikin mai dubawa?

Mafi nauyinsa yana farko, tun ba a rubuta babi na ɗaya ba. Ɗalibi zai zo da take irin "Matsalolin Noma a Arewa", abin da mutum goma ba za su gama ba. Malami zai yi ta tambaya har a tsaya kan abu ɗaya, misali asarar tumatir bayan girbi a Kadawa ta jihar Kano cikin rani biyu. Daga nan sai a duba: bayanan za su samu? Aljihun ɗalibin zai ɗauka? Na'urar da ake buƙata tana aiki, ko ƙura ta rufe ta a ɗakin gwaji? In aka tsallake wannan, sai ranar kare kundi mai jarrabawa na waje ya gano cewa tambayoyin bincike daban, sakamako daban, a lokacin kuwa gyara ya yi tsada.

Me ya sa kundi ke cin shekaru?

Yajin aiki na da hannu, na ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, a 2022 kaɗai ya ci wata takwas. Amma yawancin jinkirin na cikin gida ne. Babi ya yi wata huɗu a kan tebur ba a buɗe ba, ko masu dubawa biyu kowa ya ja nasa, wannan ya ce a cire, wancan ya ce a mayar. Maganinsa a tsayar da ƙa'ida a rubuce tun ganawar farko: haɗuwa sau ɗaya a wata, a maido da babi cikin mako uku, ɗalibi ya rubuta abin da aka tsayar ya tura wa duka biyun ta imel. Malaman kuma su sasanta saɓaninsu kafin takarda ta koma hannun ɗalibi.

Dole ne a nemi izinin kwamitin ɗa'ar bincike?

Dole ne, muddin binciken ya shafi mutane ko bayanan lafiyarsu, kuma kafin a fara tattara bayanai. Kano ta san dalili: gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi wa yara lokacin annobar sanƙarau ta 1996 ya jawo shari'a ta shekaru kan batun yardar iyaye.

Sunan wa ke fara zuwa a maƙalar da aka ciro daga kundi?

Na ɗalibi. Malami yana biyo baya idan ya sa hannu da gaske wajen tsara binciken ko nazarin sakamakon. Cusa sunan shugaban sashe ko aboki don a tara maƙalun ƙarin girma maguɗi ne, ko da ya zama ruwan dare.

Wanda ya jagoranci bincike mai tallafi fa?

Kuɗin TETFund, asusun tallafi da aka kafa a 2011 don manyan makarantun gwamnati, ba a sakinsu gaba ɗaya, kashi-kashi ake biya. Jagora ne ke adana rasit, ya kai rahoton ci gaba, ya raba wa ƙananan malamai da ɗalibai aiki. Rahoto ya makara, kashi na gaba ya tsaya, aikin fili ya tsaya da shi.